TARIHIN ƘARAR ƘANANAN JIRAGEN ƘASA: Yadda Aka Shekara 100 Ana Yaƙi Da Ƙara, Daga Baya Aka Koma Sayenta Da Kuɗi

Yau za mu ɗan ajiye batun saitin waya da manhajoji, mu leƙa wani tarihi da ba kasafai ake ba da shi da Hausa ba. Ku daure ku karanta har ƙarshe, domin wayar nan da ke hannunku ita ma ta shigo cikin labarin, ba sau ɗaya ba ma.

A ƙasashe irin su Jamus, Ingila, Amurka da Japan akwai miliyoyin mutane, akasarinsu manya masu iyali, da abin da suke kashe wa lokaci da kuɗi shi ne ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo. Mutum zai ware ɗaki guda, ya kafa babban tebur, ya shimfiɗa layin dogo, ya gina tasha da gada da tsauni, sannan ya ɗora jirgi mai aiki da lantarki. Girman da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira H0, wato an rage jirgin gaske sau 87. Kan jirgi mai tsawon mita 20 sai ya dawo kamar santimita 23. Mai kyau guda ɗaya yakan kai dala 300, wani ma ya wuce.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutum ya yi shekara biyar yana gini, komai ya fito tamkar gaske, amma da ya ba jirgin wuta sai ɗakin ya ɗauki ƙugi kamar an tayar da injin markaɗe. Jamusawa da Amurkawa duk suna yi wa irin wannan kan jirgi laƙabi da "injin niƙan kofi". Ƙarar tana ɓata kwaikwayon, tana hana mutanen gida barci, kuma sau da yawa alama ce cewa wani abu mai tsada yana cin kansa a ciki. Bari mu bi ta tun daga tushe.

ZAMANIN WANI DA GWANGWANI

A shekarar 1891, kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ya kai wani sabon abu baje kolin Leipzig: jirgin wasa da ake yi wa wani kamar agogo, tare da layin dogo gutsi-gutsi da ake harhaɗawa, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa. Daga nan harkar ta kafu sosai.

Waɗancan jirage da farantin ƙarfe mara kauri ake yinsu, irin na gwangwani. Layin ma gwangwani ne da aka naɗe, cikinsa rami. Kun san gwangwani da amsa kuwwa. Sifirin na warwarewa, giyoyi na karo, tayoyi na bugun mahaɗar layi, ga ƙasan ɗaki na katako yana ƙara wa abin ƙarfi. Amma a lokacin babu mai ƙorafi. Kayan wasan yara ne, kuma ƙarar tana cikin abin da ke burge yaron.

LANTARKI YA ZO DA NASA ƘUGIN

A ƙarshen shekarun 1890 kamfanin Carlisle & Finch na Amurka ya fara sayar da jiragen wasa masu lantarki. A 1900 kuma Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York, wanda daga baya ya zama gagarabadau a Amurka.

Da wutar gida ta yaɗu, Lionel da Märklin duk sun tsaya a kan wutar AC, wadda taransifoma ke ragewa zuwa kusan bolt 20. Ita wutar AC kai-komo take yi, sau 50 a daƙiƙa a Turai, sau 60 a Amurka. Duk wani maganaɗisu na koyil da aka ba irin wannan wuta zai riƙa ja yana saki sau biyu a kowane zagaye, wato sau 100 ko 120 a daƙiƙa. Wannan shi ne "zzzzz" ɗin da kuke ji idan kun tsaya kusa da taransifomar unguwa.

Sai kuma matsalar ribas. Moton AC na wancan zamani ba ya juya baya don kawai an sauya wayoyi. Kamfanin Ives ya ƙirƙiro wata 'yar na'ura da ke sauya wa jirgi alkibla idan an ɗauke wuta an dawo da ita. Da Ives ya karye a 1928, fasahar ta ƙare a hannun Lionel, aka inganta ta da sunan E-unit. Tana aiki lafiya, sai dai ko jirgin yana tsaye cik, muddin akwai wuta a layi, tana nan tana zuzu kamar an rufe zuma a kwalba. Shi kuwa Märklin wata dabarar ya bi: ana aika wa jirgin bugun wuta na kusan bolt 24 don ya sauya alkibla, kuma idan saitin bai yi daidai ba sai ka ga jirgin ya yi tsalle gaba kafin ya juya.

ƘARAR DA AKA FARA SAWA DA GANGAN

Abin lura, tun ana fama da ƙarar da ba a so, an fara neman wadda ake so. A 1935 Lionel ya fito da usur na gaske. A cikin taragon kwal da ke bin kan jirgi aka ɓoye ƙaramin moto da farfela, tana hura iska cikin ramuka biyu, sai ka ji kukan jirgin kwal sak. Ana kunna shi ne ta hanyar ɗora 'yar wutar DC a kan AC ɗin da ke layi. Ku riƙe wannan dabara, domin aika umarni ta cikin layin dogo shi ne kakan abin da ya zo bayan shekara 50.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Lionel ya ƙara hayaƙi. Abokin gasarsa American Flyer, na A. C. Gilbert, ya haɗa hayaƙi da sautin "cuku-cuku" ta hanyar 'yar zuga-zugi da ke hura iska. A 1948 Lionel ya fito da kan jirgin dizal samfurin F3 mai moto biyu, wanda gurnaninsa ya yi suna har masu tara tsofaffin jirage ke kiransa "mai gurnani". Yau ma akwai masu neman sa saboda wannan gurnanin kawai.

DA JIRGI YA ƘANƘANCE, SAI KUNNE YA BUƊE

A tsakiyar shekarun 1930 abubuwa suka sauya. Mujallar Model Railroader ta fara fita a 1934, aka kafa ƙungiyar NMRA ta masu wannan harka a 1935 a garin Milwaukee. A shekarar ce Märklin ya shiga ƙaramin girman da ya zama H0, Hornby Dublo na Ingila ya biyo a 1938. Manya suka karɓe harkar daga hannun yara, su kuwa ba gudu suke so ba. So suke jirgi ya taso a hankali, ya ja taragu da nauyi kamar na gaske.

Yawancin kamfanoni suka koma wutar DC mai bolt 12 da moto mai maganaɗisu na dindindin. Da haka zuzun na'urar ribas ya tafi, tunda sauya wayoyi kawai ya isa. Sai wasu ƙararrakin suka fito fili.

Na farko giya. Ƙaramin moto yana iya wuce juyi 10,000 a minti, tayoyi kuwa a hankali ake so su juya, don haka dole a bi ta giyoyi. Mu ɗauki misali: giya mai haƙora 10 a kan moto mai juyi 10,000 a minti, haƙoranta za su yi karo kusan sau 1,670 a daƙiƙa. Wannan kuwa yana cikin yankin sautin da kunnen mutum ya fi kamawa. Märklin ya daɗe yana amfani da jerin giyoyin ƙarfe masu miƙaƙƙun haƙora. Ƙarko kam ba a magana, jirgin kaka jika na gada, amma kuka sai wanda ya ji. Wasu kamfanonin suka zaɓi giya mai zare irin na noti, wadda Turawa ke kira "tsutsa". Ita zamewa take yi a kan haƙora maimakon duka, shi ya sa ta fi shiru. Amma idan tana da wasa gaba da baya, sai ta riƙa ƙwanƙwasa, musamman a gangara.

Na biyu moton kansa. Motocin lokacin, irin na Pittman a Amurka da X04 na Tri-ang a Ingila, buɗaɗɗen jiki gare su, ana ganin burushin kabon yana tartsatsi. Da yawansu amecarsu rassa uku ce. Maganaɗisu yana kama kowane reshe idan ya zo wucewa, sai juyin ya zama figa-figa, jirgi ya ƙi tashi, sai an ƙara wuta ya zabura. Maganin da aka samo a shekarun 1950 da 1960 shi ne a riƙa ba moton wuta gutsi-gutsi, kamar ana zungurarsa sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Jirgi ya koyi rarrafe, amma ya koyi gurnani, moto kuma yana zafi. An gudu ba a tsira ba kenan.

A Amurka babu wanda ya kai kamfanin Athearn shiga gidaje da jiragensa masu shuɗin kwali. A shekarun 1950 har da robar ɗaure kaya ya yi amfani a madadin giya. Robar ba ta da kukan giya, amma jirgin gudu yake kamar an koro shi, robar kuma tana tsinkewa. Da ya koma giya, jiragen suka yi ƙarko da araha, sai dai "gurnanin Athearn" ya zama karin magana a tsakanin masu harkar. Mutane suka ƙware wajen kwance jirgi, su goge kaifin haƙoran giya, su sa wosha a rage wasa, su ɗaure moto da kyau.

JAPAN TA KAWO SHIRU

Daga shekarun 1970 abubuwa uku suka haɗu. Na ɗaya, rufaffen moto mai kama da ƙaramin gwangwani, daga kamfanonin Japan irin su Sagami, Mashima da Canon. Masu kyau daga ciki rassa biyar gare su, kuma an ɗan murɗe rassan a karkace, don kada maganaɗisu ya kama reshe gaba ɗaya a lokaci guda. Figa-figa ta ragu, cin wuta ya ragu.

Na biyu, dunƙulen tagulla mai nauyi da ake sawa a sandar moto, irin aikin da fulawil ke yi a injin mota. Idan ya ɗauki juyi ba ya son tsayawa, sai ya cike gurbin figa-figar, ya kuma tsallakar da jirgi wurin da layi ya yi datti.

Na uku, giyar roba mai santsi. Kamfanin DuPont ya fara sayar da robar Delrin a 1960, mai ƙarfi ce kuma tana zamewa ko da maiko kaɗan. Roba a kan roba ba ta ƙara irin ta ƙarfe a kan ƙarfe.

A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Atlas na Amurka ya ba Kato na Japan aikin ƙera masa kan jirgin RS-3. Duk abubuwan nan uku suna ciki, ga awo daidai wa daida. Mutane suka ɗora shi a layi, suka ji ba abin da ke tashi sai sautin tayoyi. Daga ranar ma'auni ya sauya, duk wanda ya fito da sabon jirgi da na Kato ake gwada shi.

Sai dai roba ma da nata halin. Ana cusa sandar ƙarfe ne da ƙarfi cikin giyar roba, shekara da shekaru robar na takure, wata rana sai ta tsage. Jiragen Proto 2000 na kamfanin Life-Like, musamman na shekarun 1990, sun yi ƙaurin suna a kan haka. Alamar ita ce "ƙwas, ƙwas, ƙwas" sau ɗaya a kowane juyin taya, har jirgin na ɗingishi. Abin dariya, giyar Athearn mai gurnani ita ce ta dace da gurbin, ita mutane ke saya su musanya.

Ga kuma shigowar wayarku ta farko. A ƙarshen shekarun 1950 wani injiniyan Jamus, Fritz Faulhaber, ya ƙirƙiro moton da babu ƙarfe a cikin amecarsa, koyil ne zalla da aka saƙa kamar ƙaramin kofi yana juyawa kewaye da maganaɗisu. Tunda babu ƙarfen da za a kama, babu figa-figa sam. Masu jirage suka rungume shi. Ɗan moton da ke sa wayoyi da yawa girgiza idan kira ya shigo, irin wannan ginin ne, an dai maƙala masa nauyi a gefe guda don ya yi rawa da gangan. Moto iri ɗaya, a jirgi ana nemansa don shiru, a waya an sa shi aikin jijjiga.

DIJITAL YA DAWO DA ZUZU

A tsarin da, layin dogo ake ba wuta, don haka duk jirgin da ke kai tare suke tafiya. Kowa na son ya tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya, kowanne da gudunsa. Hornby ya gwada da Zero 1 a 1979, Märklin ya fito da nasa tsarin dijital a tsakiyar shekarun 1980. Tsarin da wani Bajamushe, Bernd Lenz, ya ƙirƙiro shi ne NMRA ta ɗauka tsakanin 1993 da 1994 ya zama ƙa'idar kowa da sunan DCC. A nan wuta na kan layi kullum, umarni na tafiya a cikinta, kowane kan jirgi kuma yana da 'yar kwamfutarsa da ake kira dikoda, da lambarsa kamar lambar waya.

Dikoda ba ta rage ƙarfin wuta, kunnawa da kashewa take yi da sauri. Idan ana son gudu kaɗan sai lokacin kunnawa ya gajarta. Na farko-farko suna yin haka ne sau gommai zuwa 'yan ɗaruruwa a daƙiƙa, wato tsakiyar abin da kunne ke ji. Jirgin da aka sha wahala aka yi wa shiru sai ga shi yana zuzu, moton Faulhaber kuwa irin wannan bugu har ƙona shi yake. Haka kuma idan aka ɗora jirgi mara dikoda a layin DCC, sai ya riƙa wani siririn kuka ko yana tsaye, saboda saƙon kansa yana kai-komo sau dubu biyar zuwa tara a daƙiƙa, kuma idan aka bar shi moton zai gasu.

Maganin ya zo da lissafi mai sauƙi. Kunnen ɗan'adam yana ji daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, manya da yawa ma ba sa kaiwa 16,000. Sai masu ƙera dikoda suka ɗaga saurin kunnawa da kashewar zuwa 16,000, wasu 32,000, wasu fiye. Kaɗawar tana nan, an dai kai ta inda kunne ba ya isa. Dabarar nan ce ake amfani da ita a caja da inbata. Idan kun ji caja mara kyau tana siririn kuka "tsiiii", kaɗawarta ce ta sauko inda kunne ke ji. Idan fanka na gurnani a kan inbata mai araha, matsalar da masu jirage suka sha a shekarun 1960 ce ta zo muku gida.

YANZU KUMA A SAYI ƘARA

Da aka samu shiru, sai mutane suka ce ai jirgin gaske ba shiru yake ba. Tun farkon shekarun 1970 kamfanin Pacific Fast Mail ya sayar da na'urar da ke tura sautin jirgin kwal ta layi zuwa sifika a cikin tarago, amma tsada ta hana yawancin mutane. A 1989 Lionel ya fito da RailSounds mai ɗauke da sautin da aka naɗa. Shahararren mawaƙin nan Neil Young ya zuba kuɗi da basira a wannan fanni tare da Lionel a shekarun 1990, kuma abin da ya tura shi shi ne neman hanyar da ɗansa mai larurar jiki zai iya tuƙa jirgi da kansa. A shekarun ne SoundTraxx na Amurka da ESU na Jamus, mai LokSound, suka haɗa sauti da dikoda wuri guda. Zuwa farkon shekarun 2000 ana sayen jirgi da sautinsa tun daga masana'anta.

Aikin ba na wasa ba ne. Ana zuwa da makirfo a naɗi sautin kan jirgi na gaske. Jirgin kwal mai silinda biyu yana huci sau huɗu a kowane juyin taya, don haka dikoda sai ta san saurin moto. Yadda take sani shi ne takan yanke wuta na ɗan ƙiftawa ta auna wutar da moton ke mayarwa. Wannan yankewar ma, idan saiti bai yi ba, takan haifar da ɗan zuzu a ƙaramin gudu.

Ga shigowar wayarku ta biyu. Babbar matsalar sauti ita ce wuri, domin cikin jirgi a cushe yake. Masana'antar waya ce ta warware ta, da ta ƙera ƙananan sifiku masu ƙarfi. Irin mai milimita 11 da 15, wadda suke kira "ƙwayar sukari", ita ce ta mamaye harkar, har akwai lokacin da mutane ke sayen sifikar iPhone 4 a matsayin kayan gyara su cusa a jirgi. Tuƙin ma ya koma waya, da manhajoji irin su Engine Driver, WiThrottle da Z21. A jiragen Amurka maɓallin F1 ƙararrawa ne, F2 hon, F8 kuma na kashe sauti, kuma matan gida da maƙwabta sun fi son wannan na ƙarshen.

YADDA SUKE GANO TUSHEN ƘARA

Masu harkar suna da tsari, kuma zai yi muku amfani a fanka, keken ɗinki ko injin aski:

1. Raba abin da mazauninsa. Sau da yawa tebur ne ke amsawa kamar ganga. Shi ya sa ake shimfiɗa soso ko ɓawon itacen kwalaba a ƙarƙashin layi. Amma ƙusa ɗaya da ta ratsa har katako, ko farin gam na kafinta da ya bushe ya yi tauri, sai su mayar da ƙarar.

2. Cire murfi a sake gwadawa. Idan ƙarar ta tafi, wani abu ne ke gogar jikin, ko waya ko fulawil.

3. Saurari kiɗan. Bugu sau ɗaya a kowane juyi, giya ce ta tsage ko datti a haƙori. Kuka mai tashi da gudu, giya ce ko moto. Ƙiii mai kaifi, bushin ne ya bushe. Zuzu da ba ya sauya murya, daga wuta ne.

4. Maiko kaɗan. Ɗigon mai a bakin allura ya isa, giris kuma sai wanda ba ya cin roba. Yawan mai yana tara ƙura, yana kashe burushi.

5. Auna da waya. Sauke manhajar auna sauti, ajiye wayar wuri ɗaya kafin gyara da bayan gyara. Ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma raguwar desibel 10 kunne yana jinta kamar an rage rabin ƙarar.

A birnin Hamburg na Jamus akwai Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, yana da layin dogo sama da kilomita 16. A 2021, lokacin kullen korona, ma'aikatansa suka jera kofunan gilashi sama da 2,800 da ruwa a ciki, suka sa ƙaramin jirgi ya bi yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana fitar da kiɗa, har suka shiga kundin Guinness. Da jirgin 1950 ne, gurnanin moto kaɗai ya isa ya danne kiɗan.

Wace na'ura ce ke damunku da ƙara a gida? Ku bayyana mana irin kukan da take yi a ƙasa, mu duba tare. Kada ku manta ku tura wa abokanku masu gyaran waya da lantarki. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.